Asibitin da ake kullewa da magariba

Maman Khalifa:
Salamu alaikum 'yan uwa. Akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, yau dai na ce bari in kawo shi nan. Ranar awo, duk ƙaramin asibitin da mutum ya leƙa zai tarar da mata maƙil, wasu a baranda, wasu a tabarma ƙarƙashin bishiya. Amma a tambayi malaman asibitin mata nawa suka haihu a hannunsu a wata, sai a ji abin bai taka kara ya karya ba. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna a Arewa maso Yamma masu haihuwa a hannun ƙwararru ba su kai 2 cikin 10 ba. Kullum amsar da ake ba mu ita ce al'ada, kunya, maza ba sa bari. Ban musa ba. Amma matar da mijinta ya bari ta zo awo da rana, me ya hana ta dawowa in naƙuda ta tashi da dare? Ni zargina yana kan wutar lantarki. Ma'aikatan lafiya da ke cikinmu, don Allah ku warware mana.

Baban Ummi:
Wa alaikumus salam. Hajiya, ba wai ina kare 'yan NEPA ba ne, amma wannan karon kin ɗora musu laifin da ba nasu ba. Gidan da matar za ta zauna ta haihu, shi ma ai ba wutar. Duhun gida da duhun asibiti duk duhu ne. Abin da ke korar mata wulaƙanci ne da kuɗi. Mace na murƙususu ana daka mata tsawa, shi kuma miji an miƙo masa doguwar takarda: safar hannu, auduga, leda, sabulu, allura, ruwan ƙari. A gyara wannan a gani in ba su zo ba, ko da fitilar ƙwai ce a ɗakin.

Ungozomar Ƙauye:
Baban Ummi, maganar tsawa gaskiya ce, akwai masu yi a cikinmu, ba zan rufe ba. Amma duhun gida da na asibiti ba ɗaya ba ne. A gida ba wanda ya yi wa mace alkawarin komai. Wurina kuwa, abin da ta zo nema idona ne.

In mace ta ƙaru, sai na ga inda ya yage da zurfinsa kafin in ɗinke. In mabiyiya ta faɗo, sai na baje ta na duba ko ta fito duka, don guntun da ya maƙale shi ke jawo zubar jini. In jini ya ɓalle sai na nemi jijiya na sa ruwa, jijiyar macen da jini ya ƙare mata kuwa ko da rana tsaka sai an sha wuya. Jariri ya faɗo bai yi kuka ba, dole in ga ƙirjinsa yana ɗagawa ko a'a lokacin da nake matsa masa iska. To ka ƙaddara duk wannan da wayar hannu a baki. Haka muke yi. Hannu biyu suna cikin safa sun ɓaci da jini, sai ki dantse wayar da haƙora, yawu na zuba, hasken na rawa duk sa'ad da kika ja numfashi. Ko lallashin mai naƙudar ba ki iyawa, bakinki a cike. In kuma kika ba 'yar rakiya ta riƙe miki, tana ganin jini hannunta zai hau karkarwa ta kau da kai, haske ya koma bango.

Amma babbar maganar tana gaba. Wace mace ce za ta kwana ita kaɗai a gini a bakin gari, ba katanga, ba haske, ba fanka, ga sauro ga kunama, ga halin tsaron da ake ciki? Ɗakin kwanan ma'aikata yana nan, ba kowa a ciki. Yawancinmu a cikin gari muke zaune, la'asar na yi an hau mashin. Iyali ɗaya kawai za su kawo mace da ƙarfe biyun dare su tarar da kwaɗo a ƙofa, kashegari duk ƙauyen ya ji. Daga nan ba mai sake asarar kuɗin mota. Sai a taso tsohuwar ungozomar unguwa, ita ba ta kulle ƙofarta.

Ban ma taɓo ruwa ba. Bohol ɗinmu da wuta yake tura ruwa tanki. Ba wuta sai 'yan garuwa, da dare kuma ba ɗan garuwa.

Gwaggon Yara:
Ni dai 'ya'yan nan ban gane muku ba. Mu da aci-bal-bal aka karɓi haihuwarmu a ɗakin iyayenmu, muka yi wankan jego muka sha kunun kanwa muka miƙe. Allah ne ke raba mace da ciki lafiya, ba ƙwan lantarki ba.

Likitan Mata:
Gwaggo, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Maganarki dutse, Allah ne mai sauke mace, kuma yawancin haihuwa lafiya take zuwa ko da mu ko ba mu. Sai dai cikin masu ciki 100, kusan 15 kan gamu da matsalar da ke iya cin rai, kuma sau da yawa ba a sanin wace ce sai abin ya zo. In kin waiwaya, na san ba za ki rasa tsararrakinki da suka tafi da ciki ba, ko wadda doguwar naƙuda ta bari da yoyon fitsari. Don irinsu ake wannan magana. Zubar jini bayan haihuwa na iya gamawa da mace cikin awa 2.

Bari in ɗora kan abin da Sista ta faɗa, daga ɓangaren babban asibiti. Allurar oksitosin, wadda muke yi wa mace da zarar jariri ya fito don mahaifa ta tsuke, sanyi take so, tsakanin digiri 2 zuwa 8. In ta yi watanni a durowa ta sha zafin bazara, ƙarfinta raguwa yake. Abin haushin shi ne kwalbar tana nan garau, ruwan ciki fari tas, ba a ganewa da ido. Sai an yi allurar an ga jini bai tsaya ba. Jinin da ake ƙara wa mutane shi kuma tsakanin digiri 2 da 6 ake ajiye shi. Asibitin da bai yarda da firjinsa ba ba zai tara jini ba, shi ya sa sai mace na kwance tana zuba ake cewa a je a nemo 'yan uwa a gwada su. Fitilar ɗakin tiyata, injin zuƙe jini, injin tace iskar oksijin, tukunyar dafa kayan aiki, kwalbar bakwaini, fitilar jariri mai shawara, duk wuta suke ci. In babu, abin da ya rage mini shi ne in rubuta takarda in tura gaba, kowace turawa kuwa awanni ne a kan hanya.

Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya da Bankin Duniya da wasu suka fitar a Janairun 2023 ya ce a Afirka kudu da Sahara 15 cikin 100 na wuraren kiwon lafiya ba su da wuta sam, masu tsayayyiyar wuta kuma 40 ne kacal cikin 100. Ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya na shekarar 2023 kuma ya ce mata kusan 75,000 ne suka rasu a Najeriya sanadin ciki da haihuwa, sama da kashi ɗaya cikin huɗu na duk duniya. Ban ce wuta ce ta kashe su duka ba.

Baban Ummi:
Likita, to janareta fa? Kowane babban asibiti na ga yana da shi girke a baya. Ni abin da na gani da idona, ranar da za a yi wa ƙanwata tiyata sai da aka ce mu kawo kuɗin mai kafin a tada inji. Muna tsaye muna lalube aljihu, ita tana ciki tana jijjiga. Wannan rashin wuta ne ko rashin imani?

Likitan Mata:
Subhanallahi. Ya aka ƙare da ita?

Baban Ummi:
Ita ta tashi, alhamdu lillahi. Yaron ne bai zo da rai ba.

Gwaggon Yara:
Allah ya sa mai ceto ne, ya ba ta mai albarka a gaba.

Likitan Mata:
Amin. Allah ya ba ku haƙuri. Duka biyun na iya haɗuwa, ban wanke kowa ba. Mace mai jijjiga a fara aiki, a yi maganar kuɗi daga baya, haka ya kamata. Amma ka duba abin da ya kai asibitoci ga wannan hali. Kafin 29 ga Mayun 2023 litar fetur a farashin gwamnati ba ta kai naira 200 ba, zuwa ƙarshen 2024 ta haura 1,000. Gas ɗin manyan injina shi tun 2022 ya yi tashin gwauron zabi. Kuɗin gudanarwar da ake ba asibiti bai bi su ba. Sai kuma a Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wutar Band A, wato layukan da aka ce sun fi samun wuta, zuwa naira 225 kowane yunit, daga wajen 68, manyan asibitoci da yawa kuwa a nan suka samu kansu. Asibitin koyarwa na Ibadan, wanda ya girmi duk asibitocin koyarwar ƙasar nan, an yanke masa wuta kan bashi a ƙarshen Oktoban 2024, ya haura wata 3 a haka. In Ibadan ta ga wannan, ina ga asibitin ƙaramar hukuma? Shi ya sa ake yi wa inji jadawali, awa kaza da safe don tiyatar da aka shirya, awa kaza da dare. Wadda tata ta taso tsakanin nan ita ce ake cewa a kawo kuɗin mai.

Maman Khalifa:
A wannan Oktoban ne ma mu ma muka ga ta kanmu. An lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, na Ugwuaji zuwa Apir da aka koma dogaro da shi shi ma ya faɗi, Arewa kusan duka ta yi sama da mako a duhu. Ana ta lissafin asarar masu ƙanƙara da 'yan walda da injinan shinkafa. Ban ji wanda ya ƙirga matan da suka haihu a wannan makon ba.

Ɗan Yerwa:
Mako guda kuke kuka? Mu a Maiduguri a Janairun 2021 'yan ta'adda suka tarwatsa turakun layin da ya taso daga Damaturu. Aka gyara a Maris, kwana kaɗan suka sake kayar da su. Sai a Maris ɗin 2023 aka buɗe tashar iskar gas ta cikin gari. A tsakanin nan asibitocin da ƙungiyoyin agaji ke tallafawa su ne masu haske da dare, can mata suka riƙa tururuwa har gado ya gaza. Ma'aikatan fa duk 'yan garin nan ne, makaranta ɗaya suka yi da na sauran asibitocin. Baban Ummi, wannan bai nuna maka komai ba?

Baban Ummi:
Ya nuna mini cewa can kyauta ne kuma ana biyan ma'aikata da kyau. Kada ka ɗauki haske kaɗai ka bar sauran.

Ɗan Maraɗi:
Ina gaida mutanen Najeriya. Mu namu ya zo da siyasa a ciki. A 2023 wajen kashi 70 cikin 100 na wutar Nijar daga wurinku take zuwa, tamu ta Maraɗi da Damagaram ta layin Katsina. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, a farkon Agusta aka datse ta da sunan takunkumi, sai a Maris ɗin 2024 ta dawo. Waɗanda aka yi don su ba su kwana a duhu ba. Tiyatar haihuwa a nan kyauta ce tun zamanin Shugaba Tandja, amma a lokacin nan in ka kai mace ƙaramin gidan likita da dare, tocila za ka riƙo da kanka. Duk mai zaman yanke takunkumi ya kamata a fara zagayawa da shi ɗakin haihuwa.

Ɗalibar Nas:
Iyayena da yayyena, a yi mini afuwa in sa baki. Ai sola ta warware wannan. A Zariya ma wata dabarar solar ɗakin haihuwa ta samo asali. A 2008 wata likitar mata 'yar Amurka, Laura Stachel, ta zo asibitin Ƙofar Gayan tana binciken dalilin mutuwar mata wurin haihuwa, ta ga ana karɓar haihuwa da fitilar kananzir, ana ƙarasa tiyata da tocila. Mijinta Hal Aronson masanin sola ne, suka haɗa wata 'yar akwati mai fitilu da tocilar goshi da wurin caji, daga baya aka ƙara na'urar jin bugun zuciyar jariri. Ƙungiyarsu We Care Solar ta raba akwatunan a ƙasashe da dama. Me zai hana a sa irin wannan a kowane ɗakin haihuwa a huta?

Mai Sola:
Ƙanwata, ni sana'ata ke nan, bari in faɗi abin da 'yan kwangila ba sa so a faɗa. Ƙananan asibitocin da nake shiga a ƙauyuka, da yawansu ba rashin sola ke damunsu ba, matacciyar sola ce. Faranti na kan rufi yana ƙyalli, an zo an yi biki an ɗauki hoto, batir kuma ya daɗe da mutuwa. Batirin dalma a zafin Arewa, in ana zuƙe shi ƙarƙaf kullum, shekara 2 zuwa 3 ya gama aiki. Da rana kowa ya zo zai ga ƙwai a kunne ya ce lafiya lau, har mai duba aiki daga birni, shi ma da rana yake zuwa. Magariba na yi inbata, na'urar da ke juya wutar batir zuwa ta gida, ta fara kuka ta ɗauke. Ba wanda ya ware kuɗin canjin batir tun farko. An ba ka doki ba a ba ka harawa ba. Ga ƙurar hunturu ta lulluɓe farantan ba mai hawa ya goge. Ga ɗan kwangilar da a takarda ya rubuta batir takwas, a ɗaki huɗu ne. Ita waccan akwatin abin da ya taimake ta ƙanƙantarta ce, an yi ta don aiki guda, ba ta ɗaukar kayan nauyi.

Sannan Sista, ku ma da naku. Sai in zo in tarar an jona hita, an jona dutsen guga, ga wayoyin rabin gari a kan benci.

Ungozomar Ƙauye:
Malam Mai Sola, dutsen guga ban kare shi ba. Amma hitar da ka gani, ruwan dafa almakashi da na wanke mai jego ne, da asuba a watan sanyi. Cajin waya kuwa maigadi ne ke samun na goro da shi, albashinsa ba ya kai shi ko'ina, kuma shi ne ke hana a kwance farantan da dare. Wanda ya haɗa mana bai taɓa zaunar da mu ya ce ga abin da za ta ɗauka ga wanda ba za ta ɗauka ba. Ko lambar waya bai bari ba.

Abin da ya fi ci mini rai ma firjin rigakafi ne. Irin mai solar nan da ba ya amfani da batir, yana daskarar da ruwa da rana ya riƙe sanyi har safe. Lafiyarsa ƙalau. Makulli na hannun jami'in rigakafi, ya ce an hana a sa komai sai allurar rigakafi. Oksitosin ɗina na durowa, firji na ɗakin da ke kusa.

Likitan Mata:
Sista, wannan ki kai shi gaba. Tun 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka fitar da sanarwar haɗin gwiwa cewa ana iya ajiye oksitosin a firjin rigakafi, muddin an ware shi an yi masa alama don kada a rikita. Ki yi wa shugaban sashen lafiya na ƙaramar hukumarku magana a rubuce.

Akwai kuma abubuwan da ba sa jiran wuta. Ƙwayar misoprostol ba ta buƙatar firji, akwai kuma allurar kabetosin mai jure zafi. Amma don Allah mata ku ji ni: misoprostol ba abin saye a kemis a sha don naƙuda ta yi sauri ba ne, yana iya fasa mahaifa. Bakwaini in ba kwalba, a ɗaure shi a ƙirjin uwa fata da fata. Sai ledar awon jini da aka gwada a binciken E-MOTIVE, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ke cikin jagororinsa. An yi shi a asibitoci 80 a Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, sakamakon ya fito a 2023. Ana shimfiɗa ledar ƙarƙashin mai jego jini ya taru a aljihunta mai ma'auni, a gane da wuri, a haɗa magunguna gaba ɗaya maimakon ɗaya bayan ɗaya. Mummunar zubar jini da abin da ke biyo ta sun ragu da kusan kashi 60 cikin 100.

Ungozomar Ƙauye:
Na yi aiki da ledar, Likita, tana da kyau ƙwarai. Layukan ma'aunin ne dai sai an sunkuya ƙarƙashin gado an karanta. Mun dawo kan waya a baki.

Sakataren Kwamiti:
Ni ba ma'aikacin lafiya ba ne, ina cikin kwamitin ci gaban mazaɓarmu ne. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don lafiya a matakin farko, daga ciki ake turo wa wasu ƙananan asibitoci kuɗi kai tsaye duk wata uku, shugaban kwamiti na sa hannu tare da mai kula da asibitin. Kuɗin ba su da yawa, magani da 'yan gyare-gyare ke cinye su. Mu abin da muka yi, mun bar tsohuwar solar da kayanta, muka ja wa ɗakin haihuwa da ɗakin kwanan ungozoma nasu layin daban. Ƙwai biyu, fanka ɗaya, soket ɗaya, sai ƙwai guda a bakin ƙofa don a hango daga hanya. Makullin akwatin batir na hannun ungozoma. Duk ranar kasuwa ana zagayawa da asusun batir. Tun da ta yarda tana kwana, masu zuwa da dare suka fara dawowa. Mai unguwa da liman su suka sanar a masallaci cewa yanzu akwai mutum.

Baban Ummi:
Allah ya saka muku, Malam Sakatare. Amma abin da ke ba ni haushi ke nan. Taransifoma ta ƙone, karo-karo. Bohol ya lalace, karo-karo. Yanzu batirin asibitin gwamnati ma talaka zai saya da kuɗin gero. A Nuwamban 2024 ministan lafiya Farfesa Ali Pate ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga marasa ƙarfi, mun yi murna, amma a wane ɗaki za a yi ta, da wace wuta? Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi damar samar da wutarsu su raba. Gidan gwamnati ba ya kwana a duhu. In muka ci gaba da toshe musu ɓaraka, yaushe za su ji kunya?

Sakataren Kwamiti:
Alhaji, ka yi gaskiya, kuma mun rubuta takarda ba ɗaya ba. Amma matan da za su haihu a wannan watan ba za su jira kunyar gwamna ba. Mu muna yin biyun ne.

Maman Khalifa:
Sista, tambaya ta ƙarshe daga gare ni. In aka ba ki wuta tsayayya gobe, ƙofar za ta zauna a buɗe kowane dare?

Ungozomar Ƙauye:
A'a Hajiya, ba zan yi miki ƙarya ba. Ni kaɗai ce ungozoma a wurin, sauran ma'aikatan lafiyar al'umma ne. Ba zan yi awon safe in kwana karɓar haihuwa in sake wayar gari a kan aiki kwana bakwai a mako ba, ni ma ina da yara. Shirin tura ungozomomi karkara da aka fara a 2009 ya kawo mata da yawa, rashin wurin kwana mai kyau da rashin biyan alawus suka kori wasu. Wuta za ta sa in yarda in kwana, za ta sa wadda za a turo ta biyu kada ta gudu. Amma sai an turo ta.

Sakataren Kwamiti:
Malam Mai Sola, tunda kana nan. Namu batirin ya fara rage ƙarfi, kafin asuba fanka ke tsayawa. Ana ta ce mana mu koma na litiyam. Nawa zai ci?

Mai Sola:
Ya fi tsada nesa ba kusa ba, amma ya fi daɗewa, kuma ba ruwan da za a riƙa ƙara masa. Kada dai ku sayi komai tukuna, wani sa'in farantan ne suka yi datti ko waya ta saki. Turo mini hoton rubutun jikin batirin da na inbatar, da jerin duk abin da kuke jonawa, har wanda ba kwa so a sani. Kuɗi kuwa ba zan faɗa a nan ba, farashin dala yake bi, na yau daban na jibi daban.